KONOBIYA DA TORDO: TSUNTSAYE BIYU DA MASANA SUKA SAUYA WA MATSAYI

Idan mutum ya tashi daga Kaduna ya miƙe kudu sak, bai karkata dama ko hagu ba, zai ratsa ta gefen Abuja, ya wuce ƙasar Inugu da Aba, har ya iske bakin teku. In ya ci gaba bisa ruwa kimanin kilomita 300, sai ya tarar da wani ɗan tsibiri mai duwatsu da kurmi, sunansa Principe. Shi ne ƙaramin cikin tsibirai biyu da suka haɗu suka zama ƙasar Sao Tome da Principe, wadda ta sami mulkin kanta daga Fotugal a ran 12 ga Yuli, 1975. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 140 ba, mutanensa kuwa a ƙidayar 2012 sun ɗan haura dubu bakwai.

To, 'yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa can za mu kai ku, domin mu duba wasu tsuntsaye guda biyu. Na farko ɗan ƙaramin tsuntsun nan ne mai kamun kifi, wanda mutanen tsibirin ke kira konobiya. Na biyu kuwa tsuntsun kurmi ne mai tonon busasshen ganye, suna ce masa tordo. Shekaru da dama littattafai suna nuna cewa konobiya tsuntsu ne na daban wanda babu irinsa a ƙasashenmu, tordo kuwa reshe ne kawai na wani tsuntsu mai yawa. Da aka zurfafa bincike sai magana ta juye. Abin da ya biyo bayan wannan juyi shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku labarin.

YADDA AKE JERA TSUNTSAYE

Kafin mu shiga kwatanci, bari mu ɗan yi shimfiɗa. Kamar yadda a wurinmu mutum ke da ƙabila, da zuriya, da gida, sannan da sunansa na yanka, haka masana suka tsara halittu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus shi ya kafa wannan tsari, kuma daga littafinsa na 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi. Kowace halitta tana da suna mai kalma biyu da Latinanci. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu kuwa sunan iri. Gidaje sukan taru su zama dangi, dangogi su taru su zama zuriya. A ƙarƙashin iri kuma akwai reshe, wato 'yan iri ɗaya da suka ɗan bambanta a launi ko girma saboda nisan mazauni, amma dai jininsu ɗaya ne.

A duniya akwai irin tsuntsaye kimanin dubu goma sha ɗaya. Fiye da rabinsu suna cikin zuriya guda, wadda ake kira Passeriformes, wato masu kama reshe da yatsu uku a gaba, ɗaya a baya. Hankaka da kanari da jan-baki duk a nan suke, kuma a nan tordo yake. Danginsa su ne Turdidae, gidansa kuwa Turdus, gida ne babba mai iri fiye da 80 a Afirka da Turai da Asiya da nahiyar Amurka.

Konobiya ba ya cikin wannan zuriya sam. Shi ɗan zuriyar Coraciiformes ne, danginsa kuwa Alcedinidae, masu iri ɗari da 'yan kai. Duk da ana kiran dangin da sunan kamun kifi, da yawansu ba su damu da ruwa ba, fara da ƙadangaru suke ci a daji. Alamarsu ita ce babban kai, da dogon baki mai tsini, da gajerun ƙafafu waɗanda yatsunsu na gaba suke manne da juna har wajen rabi.

Ke nan tun daga tushe waɗannan tsuntsaye biyu ba su haɗa komai ba sai zama tsuntsaye, da kuma zama maƙwabta a tsibiri ɗaya.

KONOBIYA: BAƘON DA ASHE ƊAN GIDA NE

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kogin Kaduna, ko Binuwai, ko fadamun Haɗeja da Nguru, da wuya a ce bai ga ɗan'uwan konobiya ba. Ɗan tsuntsu ne da tsawonsa bai wuce santimita 13 ba. Bayansa shuɗi ne mai sheƙi, ƙirjinsa ja-ja, maƙogwaronsa fari, bakinsa da ƙafafunsa jajawur, yana kuma da tukku mai ratsin baƙi da shuɗi. Ƙananansu baƙin baki gare su, sai sun girma yake rinewa. Yakan zauna shiru a kan karan kacala dab da ruwa, can sai ka ga ya faɗa tsundum, ya fito da ɗan kifi ko talibambam, ya koma mazauninsa, ya buga shi a jikin kara, sannan ya haɗiye ta kai. Ba ya saƙa sheƙa. Rami yake haƙawa a gaɓar rafi, ya zuba fararen ƙwai uku zuwa shida a can ƙurya. Sunansa na masana Corythornis cristatus, kuma tun 1764 wani masani Bajamushe mai suna Pallas ya rubuta bayaninsa.

Na tsibirin Principe kuwa a 1848 aka ba shi suna, aka kira shi nais. Daga nan sai gardama ta tashi. Da yake cikinsa ya fi na ƙasashenmu haske, wasu suka ce ai reshe ne na wani mai kamun kifi mai farin ciki da ke zaune a kurmin Afirka ta Tsakiya da ta Yamma. Wasu kuma suka ce a'a, iri ne mai zaman kansa. An daɗe ana wannan ja-in-ja, kowa yana kafa hujja da launin gashi.

A 2008 wasu masana biyu, Martim Melo da Jérôme Fuchs, suka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na waɗannan tsuntsaye, wato abin da ake kira DNA. Gwajin ya nuna cewa konobiya na Principe da na Sao Tome dukansu jinin wanda muke gani a kogunanmu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai, alamar cewa ba su daɗe da rabuwa ba. Farin cikin nan da ya ruɗi masana, ashe kama da wane ne kawai, ba wane ba. Saboda haka manyan jerin sunayen tsuntsaye da dama suka mai da shi reshe, ko da yake har yanzu akwai masu ware shi saboda kamanninsa.

Wannan ragin matsayi bai cuci konobiya da komai ba. A tsibirin ana ganinsa a bakin teku, da rafuffuka, da gonakin koko, har kusa da gidajen mutane. In babu kifi ya ci ƙaguwa ko ƙwari. Ko an haɗa shi da namu ko an ware shi, ba ya cikin tsuntsayen da ake fargabar ɓacewarsu.

TORDO: ƊAN GIDAN DA ASHE SHI KAƊAI NE

Shi ma tordo yana da ɗan'uwa a wurinmu. Mazauna Jos da Kaduna da Zariya da Kafanchan sun san wani tsuntsu mai ruwan toka-toka da baki ruwan ɗorawa, wanda ke tsalle-tsalle a ƙarƙashin mangwaro yana jan tana daga ƙasa, da asubahin damina kuma ya cika unguwa da kuka mai daɗi. Sunansa Turdus pelios, gidansu ɗaya da tordo, kuma yana da yawa a faɗin Afirka.

Na Principe ya ɗan fi shi girma, tsawonsa kimanin santimita 24. Bayansa ruwan ƙasa ne mai duhu, ƙirjinsa fari mai zane-zane kamar ɓawon kifi. Wani mai yawon binciken halittu ɗan Italiya, Leonardo Fea, shi ya fara samo shi, sannan a 1901 wani masanin Italiya, Tommaso Salvadori, ya raɗa masa suna Turdus xanthorhynchus, ma'ana mai baki ruwan ɗorawa. A matsayin iri mai zaman kansa ya rubuta shi. Amma daga baya wasu masana suka duba 'yan fatun da ke ajiye a gidajen tarihi, suka ce ai wannan reshe ne na tordon Sao Tome, suka haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya.

A 1928 wani mai tara tsuntsaye mai suna José Correia ya samo guda huɗu. Daga wannan shekara sai aka yi ɗif, babu wani masani da ya sake ganinsa har 1997, wato kusan shekara saba'in. Abin mamaki shi ne, a duk tsawon wannan lokaci ba a yi wani gangami na nemansa ba. Dalili kuwa, a takarda shi reshe ne kawai, kuma uwar irin tana nan da yawa a Sao Tome, har cikin gonaki. Mai duba littafi zai ga sunan, ya ga ba a cikin mummunan hali yake ba, ya wuce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan da aka sake ganinsa, masana suka shiga kurmin kudancin tsibirin, suka kama 'yan kaɗan suka auna, suka ɗebi jini, suka ɗauki muryarsu, suka sake su. A 2010 Martim Melo da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gano. Na Principe ya fi na Sao Tome ƙanƙanta. Bakinsa ruwan ɗorawa ne, na wancan kuwa mai duhu. Launin idonsu daban, na ƙafafunsu daban, zanen ƙirjinsu daban, kukansu ma daban. Ƙwayoyin gado kuma suka nuna cewa sun daɗe ƙwarai da rabuwa. Ashe Salvadori ne ke da gaskiya tun 1901. Sai aka mayar wa tordo matsayinsa na iri mai zaman kansa, wanda babu shi ko'ina a duniya sai a wannan ɗan tsibiri.

JAN KUNDI

A nan ne maganar suna ta zama maganar rai. Akwai wata ƙungiya ta duniya mai kula da kare halittu, ana kiranta IUCN, an kafa ta a 1948. Tun 1964 take ajiye wani kundi da ake kira Jan Kundi, inda take nuna halin da kowane iri yake ciki. Game da tsuntsaye, ƙungiyar BirdLife ce ke yi mata aikin awo. Matakan suna hawa ne kamar tsani. Na ƙasa shi ne wanda babu damuwa a kansa. Sai wanda ya kusa shiga haɗari, sai mai rauni, sai wanda ke cikin haɗari, sai wanda ke cikin matsanancin haɗari. Daga nan sai wanda ya ƙare a daji ya rage a hannun mutane kawai, na ƙarshe kuma wanda ya ɓace daga duniya ɗungum.

Ba da ka ake sa tsuntsu a mataki ba. Ana duba yawan manyan da ke iya haihuwa, da faɗin ƙasar da suke zaune, da saurin raguwarsu. Alal misali, irin da manyansa ba su kai 250 ba kuma suna ci gaba da raguwa, yana iya faɗawa matakin matsanancin haɗari. Amma abin lura shi ne, a wajen tsuntsaye iri ake aunawa, ba reshe ba. Muddin ana lissafa tordon Principe tare da na Sao Tome, yawan wancan yana rufe ƙarancin wannan.

Da aka raba su, sai gaskiya ta fito fili. Ƙidayar da aka wallafa a 2010 ta ƙiyasta cewa duka-duka tsuntsayen kimanin 364 ne, kuma manyan cikinsu ba su kai 250 ba. A 2011 aka sa tordon Principe a matakin matsanancin haɗari. Daga zama tsuntsun da ba a ko ambatonsa, sai ga shi cikin waɗanda suka fi kusa da ɓacewa a Afirka. Konobiya kuwa, tare da 'yan'uwansa na kogunanmu, yana can ƙasan tsani, inda babu damuwa.

ME YA RABA MAKOMARSU?

Mai karatu zai iya tambaya, tsibiri ɗaya, ruwan sama ɗaya, me ya sa ɗaya ke yaɗuwa ɗaya ke ƙarewa? Amsar tana cikin tarihin tsibirin da kuma halin tsuntsayen.

Principe dutsen aman wuta ne da ya taso daga ƙarƙashin teku, bai taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba. Lokacin da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470 da 'yan kai, babu mutum ko ɗaya a cikinsa, babu biri, babu kyanwa. Suka kawo bayi daga gaɓar Afirka suka sare daji suka shuka rake. A ƙarni na 19 aka koma kofi da koko, har a farkon ƙarni na 20 tsibiran biyu suka kasance kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Kurmin asali na arewacin Principe ya tafi, sai na kudu ya tsira, saboda tsaunukansa masu wuyar hawa ne, mafi tsawonsu ya kai mita 948.

Konobiya bai yi asara a wannan sauyi ba, domin shi dama tsuntsun sarari ne da bakin ruwa. Ƙwansa kuma yana can cikin rami. Tordo kuwa tsuntsun tsohon kurmi ne, a ƙasa yake kiwo, sheƙarsa a buɗe take kamar ƙoƙo. Jiragen ruwa sun kawo ɓeraye, an kawo kyanwa da tunkun jibda, an kuma kawo wani biri da ake kira mona daga gaɓar Afirka ta Yamma. Da masu bincike suka ɗana kyamarori a kan sheƙunan gwaji a cikin kurmin, sai suka ga birin nan yana kan gaba wajen kwashe ƙwai.

Daɗin daɗawa, tordo ba shi da tsoron mutum. Tsuntsun da kakanninsa suka zauna inda babu mai farautarsu bai gaji gudu ba. In ya ga mutum sai ya matso yana kallo. Masu shiga kurmi neman 'ya'yan aku ko manyan dodon-koɗi sukan kwana a daji, kuma tsuntsun da ke zuwa da kansa har gaban mutum ba ya wuyar kashewa. Shi ya sa aka lura cewa inda mutane suka fi zirga-zirga, nan ne tordo ya fi ƙaranci.

Kada kuma a ɗauka cewa dangin masu kamun kifi duk sun tsira. A tsibirin Guwam da ke tekun Fasifik akwai wani ɗan danginsu da ake kira sihek. Wani maciji da ya shigo cikin kayan jiragen ruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye tsuntsayen tsibirin, har a shekarun 1980 aka kwashe sihek guda 29 aka kai gidajen kiwo, na dajin kuwa suka ƙare. Sai a 2024 aka saki guda tara a wani tsibiri mai suna Palmyra, inda babu macijin. A gidan Turdus ma an riga an yi rashi: tordon tsibirin Grand Cayman, a yankin Karebiyan, tun 1938 ba a sake ganinsa ba. Ke nan ba dangi ne ke jefa tsuntsu cikin haɗari ba. Ƙuncin mazauni ne, da baƙin maƙiya, da hannun mutum.

ABIN DA AKE YI

A 2006 aka kafa gandun dajin Obo na Principe, wanda ya ƙunshi kurmin kudu inda tordo yake. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin jerin wuraren da take ba kulawa ta musamman saboda halittunsu. A 2016 kuma ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wata gidauniya ta tsibirin, Fundação Príncipe, tana aikin ƙidayar tordo da wayar da kan jama'a, kuma cikin waɗanda suka fi amfani a irin wannan aiki akwai tsofaffin mafarauta, domin su suka san kurmin lungu-lungu. Har ma a 2022, da aka bayyana wata sabuwar mujiya da aka gano a wannan kurmi, sai aka sa mata suna Otus bikegila, da laƙabin wani tsohon mai kamun aku da ya koma mai gadin daji, wanda da taimakonsa aka same ta.

MU FA?

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Labarin tordo ya nuna mana cewa abin da ba a san da shi ba, ba a kare shi. A nan gida ma haka ne. Sai a 1998 aka rubuta bayanin wani ɗan jan tsuntsu mai cin tsaba da ke zaune a duwatsun Filato, Lagonosticta sanguinodorsalis, alhali kuwa kullum yara masu kiwo suna ganinsa. Yanzu akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Laminga, kusa da Jos, inda 'ya'yanmu ke koyon wannan ilimi.

Labarin konobiya kuma ya nuna mana cewa tsuntsu mai yawa ba ya bukatar komai daga gare mu sai mu bar masa mazauninsa. Amma yawa ba tabbas ba ne. Manyanmu sun tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta da rufin kasuwa a kowane gari. Ita ma a dā tana ƙasan tsani a Jan Kundi. A 2011 aka ɗaga ta zuwa matakin haɗari, a 2015 kuma zuwa matsanancin haɗari, mataki ɗaya da tordon Principe. Guba da cinikin sassan jikinta suna cikin manyan dalilai. Wannan a gabanmu ya faru, ba a wani tsibiri ba.

Saboda haka muna roƙon iyaye da malaman makaranta su ja wa yara kunne game da harbin tsuntsaye da danƙo don wasa kawai, da fasa sheƙuna. Masunta su guji zuba maganin ƙwari a rafi don kama kifi, domin abin da ya kashe kifi zai kori mai cin kifi, ya kuma cuci mai shan ruwan. Masu ɗibar yashi su riƙa barin wani sashe na gaɓa, inda tsuntsun ke haƙa raminsa. Manoma su daure su bar 'yan itatuwa a bakin rafi, matan gida kuma in an share tsakar gida, a bar busasshen ganye a gindin bishiya ɗaya ko biyu, a nan ɗan'uwan tordo ke samun tana. Wanda kuma aka tallata wa aku ko kan ungulu a kasuwa, ya tuna cewa mai saye shi ke tura mai kamu daji.

In damina ta sauka, ku saurara da asuba, ku kuma duba bakin rafi. Dukansu biyu suna nan a wurinmu har yanzu.